Kalmar "Sequential": Ma'anarta Da Yadda Ake Amfani Da Ita

Duk wanda ya zauna a ƙasar da Turanci ne harshen hukuma ya san cewa Turancin da ake yi a kanti da tashar bas daban yake da wanda ake rubutowa a takardun makaranta da na asibiti da na ofishin haraji. Akwai kalmomin da mutum zai shekara goma bai ji maƙwabcinsa ya furta su ba, amma su ne cike da wasiƙun da ake jefo masa ta ƙofa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kalmomi ita ce "sequential". Wannan bayani zai duba ma'anarta, da asalinta, da yadda take shiga jimla, da kalmomin da ake rikita ta da su, sannan da wuraren da iyalai suka fi cin karo da ita, musamman a sha'anin karatun yara.

Ma'anarta

"Sequential" sifa ce, wato kalmar da ke bayyana yadda abu yake. Ana amfani da ita ga abubuwan da ke bin juna ɗaya bayan ɗaya bisa wani tsari da aka riga aka shata, ta yadda na farko zai gabata, na biyu ya biyo shi, na uku ya biyo na biyu, ba tare da an sauya musu wuri ba. A Hausa ba mu da sifa guda tak da ta yi daidai da ita, sai dai mukan ce an yi abu daki-daki, ko bi da bi, ko mataki-mataki, ko ɗaya bayan ɗaya. Malamai kuma sukan ce bisa tartibi, kalmar da muka aro daga Larabci, kamar yadda ake cewa a wanke gaɓɓan alwala bisa tartibi.

Misali mafi sauƙi shi ne tuƙin tuwo. Sai ruwa ya tafasa ake yin talge, sai talge ya dahu ake zuba gari a tuƙa, sai an tuƙa ake rufewa ya turara, sannan a kwashe. Kayan haɗin ba su canzawa, ruwa ne da gari, amma wadda ta juye garin duka a ruwan sanyi ta ɗora a wuta ta san abin da za ta kwashe ba tuwo ba ne. To, irin wannan aiki shi Bature yake kira "a sequential process".

Ke nan abu biyu ne a cikin kalmar. Na farko, abubuwan suna bin juna. Na biyu kuma, wanda shi ne ya fi muhimmanci, jerin da kansa yana da amfani, in aka ɓata shi aikin ya ɓaci. Duk inda mai karatu ya ga wannan kalma a takarda, abin da ake gaya masa shi ne ya kula da wanne ne farko, wanne ne ke biye.

Asalinta Da Furucinta

Kalmar ta samo asali ne daga Latin, harshen Rumawan da, inda "sequi" ke nufin bi. Daga nan aka sami suna "sequence", wato jeri, sai aka ƙara masa ɗafa-ƙeya aka mayar da shi sifa. Ita sifar ta shigo rubutun Turanci ne a farkon ƙarni na 19, alhali sunan ya girme ta da ɗaruruwan shekaru. Daga wannan saiwa ɗaya Turanci ya sami kalmomi da dama, kamar "sequel", wato ci gaban fim ko littafi, da "consequence", wato sakamakon da ke biyo bayan aiki. Hatta "second", wato na biyu, asalin ma'anarta shi ne mai biyo wa na farko. 'Yan'uwa da suka yi karatu da Faransanci a Nijar ko Kamaru ko Chadi za su gane ta da wuri, domin a can ma ana cewa "séquentiel", ma'anar kuma ɗaya ce.

Wajen furuci, ana cewa si-kwen-shal, a danna murya a gaɓar tsakiya, wato kwen. Haruffan "ti" da ke kusa da ƙarshe ana furta su ne kamar sha, yadda ake yi a "essential". Shi kuwa sunan "sequence", a gaɓar farko ake danna murya, a ja ta: sii-kwans. Yara da suka tashi a Ingila ko Amurka ba sa kuskuren wannan, amma manya da suka koyi kalmar daga takarda sukan danna gaɓar farko a duka biyun.

Yadda Take Shiga Jimla

Kamar sauran sifofin Turanci, tana zuwa ne kafin sunan da take bayyanawa, kuma ba ta canza kama saboda jinsi ko adadi. Mu a Hausa muna cewa sabo, sabuwa, sababbi, amma ita siffarta ɗaya ce ko ga abu guda ko ga abubuwa da yawa. Ga wasu misalai da ake yawan gani:

"Sequential steps": matakan da ake bi daki-daki.

"Sequential numbers": lambobin da ke bin juna.

"In sequential order": bisa jeri, daga na farko zuwa na ƙarshe.

"The pages are sequentially numbered": an sa wa shafukan lamba bi da bi.

A misali na ƙarshe an ƙara mata "ly", ta koma bayanau, wato tana bayyana yadda aka yi aikin. In kuma abu ya fita daga jerinsa, sai a ce "out of sequence". Kishiyoyinta da aka fi amfani da su su ne "simultaneous" da "concurrent", wato abubuwan da ke faruwa lokaci guda, da "parallel", wato ayyukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, da kuma "random", wato abin da ba shi da tsari, aka tsinto barkatai.

Ya kamata a lura cewa kalmar ta takarda ce da ofis da aji. A hirar gida Bature ba zai ce wa ɗansa ya sa tufafinsa "sequentially" ba, zai ce "in order" ko "one after another" ko "step by step". Saboda haka wanda ke rubuta wasiƙa ga hukuma ko ɗalibi mai rubuta jarrabawa zai iya amfani da ita, amma a hira da maƙwabci waɗancan ƙananan kalmomi sun wadatar.

Kalmomin Da Ake Rikita Ta Da Su

Ta farko ita ce "consecutive". Wannan tana nufin a jere ba tare da tsallake ko giɓi ba. In likita ya rubuta a sha magani "for three consecutive days", yana nufin kwana uku a jere, kamar Litinin, Talata, Laraba. Wanda ya sha Litinin, ya tsallake Talata, ya sha Laraba da Alhamis ya bi jerin ranaku, amma bai cika umarnin ba. Bambancin ke nan: "sequential" ta fi kula da wanne ne ya riga wanne, ita kuwa "consecutive" ta fi kula da kada a sami tazara a tsakani. A kotu ma wannan kalma ce ake amfani da ita. In aka yanke wa mutum hukunci biyu, shekara 3 da shekara 2, aka ce "consecutive", to shekara 5 ke nan, sai ya gama ɗaya ya shiga ɗaya. In kuwa aka ce "concurrent", hukuncin biyu tare za su tafi, shekara 3 ke nan. Sai dai a sha'anin lambobi mutane sukan yi amfani da kalmomin biyu da ma'ana ɗaya, kamar sababbin takardun kuɗi da lambobinsu ke bin juna.

Ta biyu ita ce "continuous", wato abin da bai yanke ba. Ita ce ake gani a dokokin zama ƙasa. Alal misali, mai neman zama ɗan ƙasa a Amurka, bisa ƙa'idar da ta shafi yawancin mutane, sai ya nuna "continuous residence" na shekara 5 bayan samun katin zama na dindindin, ko shekara 3 in yana auren ɗan ƙasar. A nan ba maganar jerin matakai ake yi ba, maganar kada zaman ya katse ne da doguwar tafiya.

Ta uku ita ce "chronological", wadda ta fito daga kalmar Girkanci mai nufin lokaci. Ita jeri ne bisa kwanan wata kaɗai, daga abin da ya fara faruwa zuwa na baya-bayan nan. Duk abin da aka jera bisa lokaci yana da jeri, amma ba kowane jeri ne na lokaci ba, domin ana iya jera sunaye bisa haruffa ko a jera kaya bisa girma. Masu neman aiki za su ga ana cewa a rubuta ayyukan da aka taɓa yi "in reverse chronological order", wato a fara da na ƙarshe a koma baya.

Ta huɗu ita ce "gradual", wato sannu a hankali. Wannan maganar sauri ce da rashinsa, ba ruwanta da wanne ne farko. Ta biyar kuma, wadda kamannin rubutu ne kawai ke sa a rikice, ita ce "consequential". Tana nufin abin da ya biyo baya a matsayin sakamako, ko kuma abu mai muhimmanci. A takardar inshora, "consequential loss" ita ce asarar da ta biyo bayan asarar farko, kamar cinikin da mai kanti ya rasa a kwanakin da kantin ke rufe bayan gobara.

A Makaranta: Yaro Mai Harshe Biyu

Wurin da wannan kalma ta fi shafar iyalanmu shi ne rahoton makaranta. Masana harshe sun kasa yaran da ke tashi da harshe biyu gida biyu. Akwai wanda ya fara jin harsunan biyu tare tun yana jariri, kamar yaron da uwarsa ke masa Hausa, ubansa ke masa Turanci. Shi ake kira "simultaneous bilingual". Akwai kuma wanda ya fara kama harshe ɗaya a gida, sannan daga baya ya haɗu da na biyu, galibi in ya shiga makarantar reno ko firamare. Shi ne "sequential bilingual". Yawancin masana suna sa iyakar ne a wajen shekara 3 da haihuwa. Yaron da aka zo da shi daga Kano ko Damagaram ko Kumasi yana ɗan shekara 6, da wanda aka haifa a Landan amma Hausa zalla ake yi a gidansu har ya shiga makaranta, dukansu suna cikin wannan rukuni na biyu.

In uwa ko uba suka ga an rubuta wannan a takardar ɗansu, kada hankalinsu ya tashi. Ba sunan cuta ba ne, ba kuma alamar daƙiƙanci ba ce. Bayani ne kawai na yadda harsunan suka zo wa yaron, ɗaya bayan ɗaya.

Irin wannan yaro yana da matakan da yakan bi, kuma wata mai bincike a Amurka, Patton Tabors, ta fayyace su a littafinta na 1997. Da farko yakan ci gaba da yi wa malamai da yara harshen gida, yana zaton za su gane. In ya ga ba a gane shi, sai ya shiga lokacin shiru, inda zai rage magana a aji ƙwarai, yana saurare, yana nuni da hannu. Wannan shiru kan ɗauki makonni, wani yaron har watanni. Daga nan sai ya fara jefa kalma ɗaya ko biyu da gajerun jimlolin da ya haddace daga bakin abokai, a ƙarshe kuma ya fara ƙulla nasa jimlolin. Da rarrafe yaro kan tashi, in ji Hausawa, kuma shirun nan yana cikin rarrafen.

Wani abin lura shi ne binciken Jim Cummins na Jami'ar Toronto a Kanada, wanda tun 1979 ya bambanta Turancin hira da Turancin karatu. Ya nuna cewa yaron da ya zo daga wata ƙasa yakan iya hira da abokansa cikin kimanin shekara 2, amma kafin ya kamo 'yan ajinsa a Turancin littafi da jarrabawa yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7. Saboda haka iyaye kada su ruɗu da jin yaro yana zuba Turanci kamar ɗan gari su ɗauka ba ya bukatar taimako a karatu. Haka kuma kada su yanke ƙauna in makinsa bai tashi ba a shekarar farko ko ta biyu.

Kuskuren da wasu iyaye ke yi shi ne su daina yi wa yaro Hausa a gida, wai don Turancinsa ya yi ƙarfi. Ƙwararru kan matsalolin magana a Birtaniya da Amurka ba su ba da wannan shawara. Abin da suke cewa shi ne iyaye su ci gaba da yi wa yaro harshen da suka fi ƙwarewa a ciki, domin harshen farko shi ne tushen da na biyu ke hawa kai. Yaron da ya san ƙirga da ba da labari da bambanta jiya da gobe a Hausa, sunayen kawai zai koya a Turanci. Sun kuma bayyana cewa jin harshe biyu ba ya haddasa matsalar magana, kuma in yaro yana da matsalar gaske, za ta bayyana a harsunan biyu duka. Don haka in makaranta ta ce za a gwada yaro, yana da kyau iyaye su faɗi shekarun da ya fara jin Turanci, su kuma bayyana yadda Hausarsa take a gida.

Har ila yau a rahoton masu gwajin ƙwaƙwalwar yara ana iya ganin "sequential processing", wato iya riƙe abubuwa bisa jerinsu, kamar maimaita lambobi yadda aka faɗe su, ko bin umarni mai matakai uku. Gwajin Kaufman, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1983, yana da sashe mai wannan suna. Yaron da aka ce yana da rauni a nan yakan amfana in ana ba shi umarni ɗaya-ɗaya, ya gama wannan kafin a faɗa masa na gaba.

A Asibiti

Mai ciki a Amurka za ta iya jin an ambaci "sequential screening". Gwaji ne mai zango biyu don auna yiwuwar wasu larurori ga jariri: ana ɗibar jini a yi hoton ciki a wata ukun farko, sannan a sake ɗibar jini a wata uku na biyu, a haɗa sakamakon. Wadda ta yi na farko ta ƙi komawa na biyu ba ta kammala gwajin ba.

Wanda aka yi wa tiyata kuma zai iya farkawa ya ga an naɗe masa ƙafafu da wata riga mai kumbura tana sacewa. Sunanta "sequential compression device". An kira ta haka ne domin tana matsa ƙafar bi da bi, daga idon sawu zuwa sama, don ta tura jini ya koma zuciya, kada ya daskare a jijiya saboda doguwar kwanciya.

Akwai kuma "sequential therapy", wato maganin da ake sha kashi-kashi. Sanannen misali shi ne wata hanyar kashe ƙwayar cutar da ke jawo gyambon ciki, inda ake shan wasu magunguna kwana 5 na farko, sannan a sauya zuwa wasu a kwana 5 na biyu. Duk wanda aka ba irin wannan magani ya tabbata ya tambayi mai ba da magani wanne ne na farko, ya sa a rubuta masa a jikin kwalin.

A Kasuwanci Da Banki

'Yan'uwa masu kanti ko kamfani da suka yi rajistar harajin VAT a Birtaniya ko ƙasashen Tarayyar Turai su sani cewa doka ta ce kowace cikakkiyar takardar neman biyan kuɗi, wadda suke kira "invoice", sai ta ɗauki "sequential number", wato lamba mai bin ta gabanta wadda babu wata takarda mai irinta. Dalili shi ne in mai binciken haraji ya ga 101, 102, sai 104, zai tambayi ina 103 ta shiga. Saboda haka in an ɓata takarda, a soke ta a adana, kada a yaga a jefar.

A banki kuwa akasin haka ake so. In ana zaɓen lambar sirri ta kati ko kalmar sirri ta intanet, sau da yawa za a ga gargaɗi cewa kada a yi amfani da "sequential numbers". Ana nufin irin su 1234 ko 6789, domin su ɓarawo ke fara gwadawa.

A Na'ura Da Abin Hawa

A ilimin kwamfuta ana bambanta "sequential access" da "random access". Wanda ya yi zamani da kaset ya riga ya san na farko: in kana son waƙa ta biyar, dole zaren ya wuce ta kan huɗun da ke gabanta. Faifan CD kuwa, wanda ya shigo kasuwa a 1982, kana danna lamba biyar zai kai ka can kai tsaye. Haka nan giyar babur "sequential" ce, domin ba a tashi daga ta biyu a faɗa ta huɗu sai an ratsa ta uku, alhali a motar da ake sa wa giya da hannu direba na iya tsallakewa. Motocin tsere da yawa irin giyar babur ɗin suke amfani da ita.

A Taƙaice

Duk inda kuka ga "sequential", ku karanta ta da daki-daki ko bi da bi, sannan ku tambayi kanku abu biyu: mene ne na farko, mene ne ke biye da shi? In takardar magani ce ko ta gwaji, a tabbata an san jerin kuma an kai ƙarshensa. In takardar yaro ce, a tuna cewa bayani ne kan yadda ya koyi harsunansa, a ci gaba da yi masa Hausa a gida, a kuma bi sawun karatunsa a makaranta. In kuma kalmar da aka gani "consecutive" ce ko "continuous", to a kula da tsallake da yankewa. Wanda bai gane abin da takarda ke nufi ba, kada ya ji nauyin neman a yi masa bayani da sauƙin Turanci ko a nemo masa tafinta kafin ya sa hannu, domin matambayi ba ya ɓata.